Mako Bakwai a Gindin Gadon Auta

Da shugabannin ƙungiyarmu suka ce kowa ya kawo abin da za a sa a mujallar bana, na yi niyyar in kawo ɗan nazarin da na yi a kan waƙoƙin daka na matan Gobir. Amma da na zauna zan rubuta sai alƙalami ya ƙi bin wannan hanya, domin abin da ya cika zuciya shi ke fitowa a baki. To, ku yi mini haƙuri in ba ku labarin wata makaranta da na shiga ba tare da takardar shiga ba, na yi mako bakwai a cikinta babu malami babu allo, na kuma faɗi jarrabawar farko tun ranar da na isa.

Ni mutuniyar Kurawa ce, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, can ƙasar Gobir, inda in mutum ya miƙa arewa ba ya daɗewa sai ya ji ana ciniki da sefa. Mu bakwai ne wurin Innarmu, ni ce ta biyu, Auta kuwa shekararsa shida a lokacin. Duk mai sauraron rediyo ya san halin da ƙasarmu ta shiga, tun daga Isa har Sabon Birni. A watan Yuli na 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana komowa daga Sakkwato, kuma a hannun waɗanda suka kama shi Allah ya karɓi ransa cikin watan Agusta. In sarki ya ga haka, ai talaka sai ya riƙa kwana da shirin gudu.

A kakar wannan shekarar ina gida hutu, sai wani dare aka ji harbi daga yamma da gari. Ba wanda ya tsaya tambaya, kowa ya ɗauki na ɗauka aka faɗa cikin dawa. A cikin gudun nan ne Auta ya auka wani rami da ake ɗibar ƙasar gini, ƙafarsa ta dama ta karye a ƙwauri, har ƙashi ya huda fata. Bai yi kuka ba, don yaran garinmu sun riga sun san cewa kukan dare shi ke nuna inda aka ɓuya. Da gari ya waye aka kai shi wurin mai ɗori. Bayan kwana goma sha biyu ƙafa ta kumbura, ta fara ruwa, zazzaɓi ya ƙi sauka. Baba ya sayar da tumaki biyu da buhun gero, muka bi ayarin motoci ta Goronyo zuwa wani asibiti a Sakkwato. Inna ba ta da ƙoshin lafiya, saboda haka Baba ya dube ni ya ce, "Ke kinka yi boko, ke ka jin maganassu." Da wannan magana aka naɗa ni mai jinya.

Muna bakin ƙofar asibiti Auta ya riƙe mayafina ya ce, "Yaya, allura za a yi man?" Ban ko yi tunani ba na ce, "Haba, wa zai yi maka allura? Duba ka kawai za su yi, su ba ka alewa mu koma gida." Ba a yi awa guda ba mutum huɗu suka danne shi a kan gado don a sa masa allurar nan da ake bari a hannu saboda ƙarin ruwa. Cikin mutum huɗun nan har da ni, ni ce na riƙe kansa. Da aka gama bai dubi kowa ba sai ni, ya ce, "Yaya, ke yi man ƙarya." Daga nan ya juya fuska bango. Kwana tara cur bai sake ce mini uffan ba. In na ba shi kunu ya kau da kai, in matar gadon kusa ta ba shi ya karɓa.

Ya kai mai karatu, kada ka yi saurin zargina, don na san kai ma abin da za ka faɗa ke nan. Mu duba yadda muke rarrashin yara. In yaro na kuka sai mu ce ga kura nan, ko mu ce Baba na zuwa da tsaraba alhali Baba na ɗaki yana barci. In ya yi ƙiriniya kuwa sai mu ce, "Bari in kira likita ya yi maka allura." Watau shekara da shekaru muna gina likita ya zama dodo a zuciyar yaro, sa'an nan ranar da ciwo ya zo mu ce ya kwanta lamo a gaban dodon. Baba ma da zai koma gida, abin da ya bar wa Auta shi ne, "Kai Bagobiri ne, jikan Bawa Jan Gwarzo, ba a san mu da raki ba." Gaskiya ne kufan Alƙalawa a ƙasarmu yake, kuma muna alfahari da shi. Amma abin da ɗan shekara shida ya ɗauka daga wannan magana shi ne, in ya ji tsoro ya haɗiye, kada ya faɗa wa kowa.

Ɗakin da aka kwantar da mu cike yake da yara: masu ƙuna, masu karaya, masu amosanin jini, masu tamowa. Kowane gado da tabarma a gindinsa, uwa ko kaka ko gwaggo na zaune. Ma'aikatan jinya ba mugaye ba ne, na shaida wannan, sai dai hannu biyu ba ya ɗaukar jinka goma. Da dare sau da yawa su biyu ne a kan ɗaki duka. Wa ke da lokacin zama ya bayyana wa yaro abin da za a yi masa? Su kuwa yaran ba su da aikin yi tun safe har dare sai kallon rufin ɗaki da sauraron ƙarar amalanken magani. Da zarar ƙafarsa ta yi ƙara a bakin ƙofa, sai kuka ya tashi daga gadon farko ya bi layi har na ƙarshe, tun ba a taɓa kowa ba.

A kwana na bakwai likita ya duba hoton ƙafar ya ce mini ciwon ya shiga ƙashi, ranar Talata za a shiga da shi ɗakin fiɗa a cire wurin da ya mutu. A kan Auta muke tsaye muna wannan magana, kamar buhu ne a tsakaninmu. A daren nan ya yi fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana ɗan shekara uku. Wajen asuba na farka na tarar ya tuge allurar hannunsa, ya sauko daga gado yana jan ciki zuwa ƙofa da karyayyiyar ƙafa.

Akwai wata tsohuwa mai shara, kowa Iya yake ce mata. Ita ce ta same ni a bayan ɗaki ina kuka. Ta jingine tsintsiyarta ta ce, "Ɗiyata, wanga yaro ba ciwon ƙahwa ɗai ka damu nai ba. Ba shi abin wasa, ki koma waje guda ki yi kurum. Abin da bakin yaro ya kasa hwaɗi, hannu nai na hwaɗi." Washegari ta zo mini da guntayen karan dawa. Na feƙe su na yi mutum-mutumi guda biyar irin waɗanda muke yi a gida, na ajiye a gefen gadonsa tare da wani tsumma, na koma tabarmata kamar ba ruwana.

Sai da aka yi la'asar ya taɓa su. Ya ɗauki ƙaramin ya kwantar. Ya yayyaga tsumman nan ya naɗe kawunan guda uku, ya bar wurin ido kaɗai, ya jera su kewaye da na kwancen. Sa'an nan ya ɗauki ɓawon kara ya goga a wuyan ƙaramin, ya ja shi tun daga ƙirji har ciki. Jikina ya yi sanyi. Na matso a hankali na ce, "Auta, su wane ne waɗannan?" Ya yi shiru har na fid da rai, can sai ya ce, "Masu hiɗa na. Ni za su heɗe, awa ragon layya." Ya nuna masu naɗaɗɗen kai ya ce, "Sun ruhe huska, awa waɗanda munka gani bisa babura."

Ashe ga abin da ke cikin kan yaron nan. Ya taɓa ganin 'yan bindiga sun wuce ta bakin gonarmu, fuskokinsu a naɗe. Da ya zo asibiti ya ga wasu mutane masu korayen tufafi, su ma fuska a rufe, sun tura wani yaro a kan gado mai taya, sun komo da shi ba ya motsi, washegari kuma gadonsa ba kowa. Sa'an nan ya ji da kunnensa an ce ranar Talata za a yi masa fiɗa. Shi kuwa fiɗa ɗaya ya sani a duniya, wadda ake yi wa rago bayan an yanka shi. Yaro ya haɗa lissafinsa daidai, ba inda ya yi kuskure. Ni kuwa da na ci jarrabawar ilimin ma'ana a wannan jami'a, na tsaya aka faɗi kalmar nan a kansa, ko a jikina.

Daga ranar na fara kasa kunne ga Hausar asibiti da kunnen yaro. Za a ɗebi jininka: duka, ko za a rage mini? Za a ɗauki hoton ƙashi: sai an fito da ƙashin ke nan? Za a sa ka barci: irin wanda Kaka ta yi aka ce kada a tashe ta? Kowace kalma daga cikin waɗannan babba ya san iyakarta, yaro kuwa ƙofa ce a buɗe, duk abin da ya ga dama sai ya shigo masa ta nan.

Abu na farko da na yi shi ne abin da ba a saba yi a gidajenmu ba, watau babba ya roƙi ƙarami gafara. Na ce, "Auta, ranar da muka zo na yi maka ƙarya. Ka yafe mini, ba zan ƙara ba." Muka yi alkawari: duk abin da zan faɗa masa, yana da ikon ya tambaye ni, gaskiya ko tatsuniya? In na ce gaskiya, to, ko da zafi haka abin yake.

Allah ya haɗa mu da wata ɗalibar aikin jinya, Bayarabiya haihuwar Sakkwato, wadda ita ma makarantarsu ce ta turo ta sanin makamar aiki. Da ta ga Sabon Birni a katinsa sai ta riƙe haɓa ta ce, "A'a, ashe bawana ne aka kwantar a nan ban sani ba!" Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa. Auta ya harare ta ya ce, "Ke ce baiwa!" Wannan ce dariyarsa ta farko a asibitin. Na ba ta labarin mutanen kara. Ta nemi izini wurin babbarsu, ta zo da takunkumin fuska da safar hannu da sirinji marar allura da robar nan da ake ɗora wa mutum a hanci. Ta sa takunkumi ta cire, ta sa ta cire, tana tambayarsa, "Wace ce wannan?" Ta gaya masa likita na rufe baki ne don kada numfashinsa ko tarinsa ya shiga ciwon. Auta ya sa wa mutumin kara takunkumi, ya sa mini, ya sa wa kansa.

Sa'an nan muka bi masa ranar Talata daki-daki. Ba za ka ci abinci ba tun dare, za ka ji yunwa. Za a tura ka a gado mai taya zuwa wani ɗaki mai sanyi da babbar fitila. Za a ɗora maka wannan roba, tana da wari. Za ka yi barci na magani, wanda ba a jin komai a cikinsa, in an tsai da maganin kuma sai ka farka. Ƙafar kaɗai za a taɓa, a wanke ta a cire abin da ya ruɓe. In ka farka za ta yi zafi, kuma ni za ka fara gani. A kowace gaɓa sai ya ce, "Gaskiya ko tatsuniya?" in ce, "Gaskiya." Daga ƙarshe ɗalibar nan ta ɗora shi a keken marasa lafiya ta kai shi ɗaki na gaba. Ga yaron da ya ɗauka ya mutu, zaune yana cin ƙosai.

Ranar Talata ya yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma ba wanda ya danne shi. Yana riƙe da mutumin karansa. A bakin ƙofa ya ce wa mai takunkumin da ya zo karɓarsa, "In ga huskarka." Mutumin ya yi murmushi ya sauke, ya mayar, suka shiga.

Sauran makonnin na wankin ciwo ne, kullum safe. Ban ƙara ce masa ba zafi ba. Nakan ce, "Akwai zafi irin na jiya, amma kafin Gizo ya komo daga gidan sarki an gama." Nakan bar shi ya zaɓi tatsuniyar da za a yi, da hannun da zan riƙe, da ko zai kalli ciwon ko zai kalle ni. Ƙananan abubuwa ne, amma wanda aka ƙwace wa ikon komai, ko zaɓin hannu aka ba shi ya samu abin riƙewa. Kafin mako na huɗu, yaran ɗakin da ke iya tashi duk sukan taru a tabarmata bayan la'asar, a yi tatsuniya da kacici-kacici, a yi motar kara. Wata mai jinya ta ce ba kyau tatsuniya da rana, mai yinta ɓata yake yi. Iya ta ce mata, "A asibiti dare da rana duk ɗaya na."

To, kada a ɗauka na zama gwana. Wata rana na yi tatsuniyar Dodo mai haɗiye mutane, wata yarinya mai ƙuna ta kwana tana firgita, uwarta ta yi kwana biyu ba ta gaishe ni ba. Wani yaro ɗan shekara tara mai amosanin jini na ce masa, "Za ka warke," ya dube ni kamar shi ne babba ya ce, "Wannan ba a warkewa, sauƙi ake samu." Mafi nauyi duka, wani dare wata 'yar ƙaramar yarinya ta rasu a gado na uku da namu. Da safe yara suka kewaye ni suna tambaya ina aka kai ta. Na yi alkawarin ba ni ƙarya, ban kuwa san yadda ake faɗa wa yara marasa lafiya wannan gaskiya ba. Na tashi na ce zan ɗebo ruwa, na tsaya a bakin famfo har suka watse. Har yau abin yana cina.

Da na faɗa wa ɗalibar nan, sai ta ce, "Kin san abin nan da kike lalube a cikin duhu sana'a ce da ake koya a wasu ƙasashe?" Ita ta sa ni a hanya na yi ta karatu a waya da dare, na kuma ci gaba bayan na komo makaranta. Ga kaɗan daga abin da na samu.

A Ingila, a da, in an kwantar da yaro sai a sallami uwarsa, ba ta ganinsa sai ɗan lokacin ziyara. A 1952 wani mai bincike, James Robertson, ya ɗauki fim ɗin wata 'yar shekara biyu da ta yi kwana takwas a asibiti, jama'a suka ga yadda yarinya mai fara'a ta koma shiru. A 1959 rahoton kwamitin Platt ya ba da shawarar a bar iyaye su riƙa ganin 'ya'yansu ba ƙayyadewa. A Amurka kuma, a 1955, wata malamar yara haihuwar Ostiriya mai suna Emma Plank ta kafa sashe a asibitin birnin Cleveland wanda aikinsa shi ne wasa da yara da karantar da su da shirya zukatansu kafin a yi musu aiki, ta kuma wallafa littafi a kan haka a 1962. Daga irin wannan ƙoƙari sana'ar ta tsiro. Sunan da suke kiran mai yinta, in an juya shi, zai zama masanin rayuwar yaro. Ni dai na fi son in ce abokin jinyar yara.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake horar da su. Bayan digiri da darussa kan girman yaro da wasa da yadda yaro ke fahimtar rashi da mutuwa, ƙungiyarsu ta Amurka ba ta yarda mutum ya zauna jarrabawar samun shaida ba sai ya yi zaman sanin makamar aiki na awa 600 a asibiti, a ƙarƙashin wanda ya riga ya ƙware. Watau kamar mako 15 ke nan in ana yin awa 40 a mako. Da fari ɗalibi kallo yake yi, sa'an nan ya yi ana kallonsa ana gyara masa, kafin a sakar masa yaro. Na zauna na lissafa nawa zaman: kwana 49 sau awa 24, ya ba ni awa 1,176, kusan ninki biyu na nasu. Amma su da mai gyara musu, ni kuwa a jikin yaran mutane na yi ta koyon kuskurena. Ba kuwa abin Turawa kaɗai ba ne, don asibitin koyarwa na Moi da ke Eldoret a ƙasar Kenya ma ya kafa irin wannan sashe.

Ku lura da wani abu. Abin da Turawa suka yi shekaru suna gardama kafin su yarda da shi, watau a bar uwa kusa da ɗanta, mu ba mu taɓa rasa shi ba. Tabarmar gindin gado ta riga rahoton Platt. Abin da muka rasa shi ne wanda zai tsaya tsakanin likita da yaro da mai tabarmar, ya san ciwo gwargwado, ya san zuciyar yaro, ya kuma san harshen da yaron ya sha a nono.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga inda ake bukatar wannan. A nan Sakkwato akwai asibitin yara masu ciwon noma, wanda aka buɗe a 1999. Ba noman gona ake nufi ba, wani ciwo ne da kan fara daga dasashi, cikin 'yan kwanaki ya cinye kunci ko leɓe ko hanci. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana, kuma in ba a yi magani ba har tara cikin goma kan mutu. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Tun 2014 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta shiga aiki da asibitin, kuma ba fiɗa kaɗai suka sa a gaba ba, har da abinci da masu kwantar wa yara da iyayensu hankali. Sun gane cewa yaron da za a shiga da shi ɗakin fiɗa ba sau ɗaya ba, wanda kuma wata rana zai dubi madubi, ɗinki kaɗai bai ishe shi ba.

To, ina mu ɗaliban Hausa muka shigo? Abokanmu na kimiyya sukan tafi masana'antu sanin makamar aiki, na fannin ilimi su tafi koyarwar gwaji. Mu kuwa mukan je ƙauye da rikoda mu kwaso tatsuniyoyi da wasannin yara, mu rubuta kundi, a ba mu maki, kundi ya hau kanta ƙura ta rufe shi. Kullum ana yi mana gori, wai me za a yi da digirin Hausa? Ni dai na ga ranar da kalma ɗaya ta sa yaro jan ciki da karyayyiyar ƙafa, na kuma ga ranar da tatsuniya ta yi aikin da mutum huɗu suke yi da ƙarfi.

Ba ina cewa ɗalibin Hausa ya ɗauki Gizo ya faɗa asibiti ba. Na gwada, kun ji ɓarnar da na yi. Shawarata ga ƙungiyarmu guda uku ce. Ta farko, mu zauna da ɗaliban aikin jinya da na likita mu tattara kalmomin asibiti, mu nemo yadda za a faɗa wa ɗan shekara biyar kowace ɗaya ba ƙarya ba firgitarwa, da Sakkwatanci da Gobiranci da Kananci. Ta biyu, mu roƙi malamanmu su nemo mana malaman halayyar yara da manyan ma'aikatan jinya su koya mana abin da ake yi da wanda ba a yi: wanke hannu, riƙe sirrin majinyaci, barin ɗaukar hoton 'ya'yan mutane, da abin da ake ce wa yaro in na kusa da shi ya rasu. Ta uku, in wani asibiti ya yarda, masu sha'awa su riƙa zuwa ɗakin yara lokacin hutu, a ƙarƙashin ma'aikaciyar da za ta sa musu ido ta kuma sa hannu a littafinsu. Da haka ake fara sana'a. In kuwa aka tashi neman malamai, kada a manta da irin su Iya mai shara.

Auta ya tashi, yana ɗan ɗingishi, likita ya ce da sauran lura. Saboda haka yana nan Sakkwato wurin Gwaggonmu, har an sa shi firamare. Ranar Juma'ar da ta wuce na je duba shi, muna zaune a tsakar gida sai ya ce, "Yaya, yaushe za mu koma Kurawa?" Bakina ya buɗe zai ce bayan Salla, sai na kama shi. Na ce, "Gaskiya kake so ko tatsuniya?" Ya ce, "Gaskiya." Na ce, "Ban sani ba, Auta." Ya yi shiru yana zane a ƙasa da ɗan kara. Can ya matso ya jingina da ni ya ce, "To, yi man tatsuniyar."

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu, ya mai da kowa gidansa. Amin.